Yadda muka haɗa takardun asibitin wani mutum da inshora suka ce ciwon bayansa tsoho ne

Mutumin nan ba zan kama sunansa ba, haka ma asibitocin da ya bi, don ba su ne abin dubawa ba. Shekarunsa 44, a sito yake aiki, ɗaga kwalaye da jera su tun safe har yamma. Yana tsaye a danja cikin motarsa wata mota ta zo ta baya ta dake shi. A ido ba wani mummunan hatsari ba ne, bamba ta lotse, fitila ɗaya ta fashe, goshinsa ya bugi sitiyari ya tsage, jini ya wanke masa fuska shi ya sa ma aka kira motar asibiti. Direban da ya buge shi bai yi musu ba, 'yan sanda sun rubuta rahotonsu, laifi a fili yake. To a tunanin kowa magana ta ƙare sai biyan diyya.

Wata bakwai bayan haka ya shigo ofishin lauyan da nake yi wa aikin fayil yana jan ƙafar hagu, riƙe da wasiƙar kamfanin inshorar wancan direban. Sun ce za su biya ɗinkin goshi da gyaran mota, amma ciwon baya kam babu ruwansu. Hujja uku suka kafa: takardar sallamarsa daga emajensi ba ta ambaci baya ba ko sau ɗaya, sannan sai da ya yi mako biyar kafin ya sake ganin wani likita, sannan rahoton hoton MRI na bayansa ya ce akwai alamun zaizayewar ƙashi irin ta shekaru. Gaskiya in ka karanta wasiƙar ba ka san mutumin ba sai ka ce sun fi shi gaskiya, don duk abin da suka faɗa yana nan a takardun da shi da kansa ya tura musu.

Abin da ya zo mana da shi leda ce guda, ciki akwai katin asibiti, takardar sallama shafi ɗaya, rahoton MRI shafi ɗaya, da tarin rasit wasu har sun koɗe ba a iya karanta su. Ya ce ai ga takardun nan duka. Kuma haka yawancin mutane suke ɗauka, cewa abin da aka miƙa maka a hannu ranar da za ka fita shi ne rekod ɗinka. Wannan taƙaitawa ce kawai. Ainihin fayil yana can a ɗakin kati ko a kwamfutar asibiti, kuma ba wanda zai fito maka da shi sai ka nema a rubuce.

Kafin mu rubuta wa kowa wasiƙa sai da muka zaunar da shi muka ce ya lissafo mana duk inda wani ya taɓa jikinsa ko ya sayar masa da magani tun daga ranar. Ya ce asibiti biyu. Da muka bi a hankali, kuma muka roƙi matarsa ta zo zama na gaba saboda ita ce ta riƙa raka shi, sai wurare suka zama bakwai: masu motar asibiti, emajensi, sashen hoto na wannan asibitin, kemis ɗin da yake sayen maganin ciwo, ƙaramin asibitin da ya je bayan mako biyar, cibiyar da aka yi masa MRI, da wurin gashin ƙashi, wanda shi ma ashe wuri biyu ne don ya canza a tsakiya. Kowanne da nasa fayil, da nasa fom ɗin izini, kuma ba wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya rubuta.

Yadda ake rubuta wasiƙar neman ma tana da nata sirrin. In ka rubuta "a ba ni takarduna" sai ma'aikacin ɗakin kati ya buga maka wannan takardar sallamar da kake da ita ya buga hatimi ya ce shi kenan, kuma ba mugunta ba ce, layi ne a gabansa, abin da ya fi sauƙi zai ɗauko. Don haka muka rubuta cikakken suna da ranar haihuwa da lambar kati da ranakun zuwa, sannan muka zayyana abin da muke so ɗaya bayan ɗaya, bayanin nas ɗin da ta fara karɓarsa a ƙofa, rubutun likita, rubutun nas-nas na cikin ɗaki, takardar magungunan da aka ba shi da lokacin da aka ba shi, fom ɗin neman hoto, rahoton hoton, da hoton kansa. Kuɗin da aka caje shi kuma wasiƙa daban ce zuwa ofishin kuɗi, saboda a yawancin asibitoci ɗakin kati ba sa riƙe da lissafin kuɗi, in ka haɗa su a wasiƙa ɗaya rabi za a ba ka.

Mutane da yawa suna zuwa neman fayil ɗinsu kamar masu roƙon alfarma, alhali a ƙasashe da dama haƙƙinka ne a doka. A Amurka dokar HIPAA ta 1996 da ƙa'idojin da suka biyo ta sun ba asibiti kwana 30 ya amsa maka, yana iya ƙara wasu 30 in ya sanar da kai dalili a rubuce. A Ingila tun watan Mayun 2018 wata ɗaya ne, kuma kwafin farko kyauta ne a mafi yawan lokuta. A Nijeriya akwai dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 da ta wajabta wa asibitoci ajiye rekod da rufa asirin maras lafiya, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023. Duk inda kake ka nemi sanin dokar wurin, ka ajiye kwafin wasiƙar da ka kai da sa hannun wanda ya karɓa da kwanan wata, don ranar da za a ce maka "ba mu ga wasiƙarka ba" tana nan tafe.

Fayil ɗin emajensi da ya zo shafi 23 ne, a madadin ɗaya. Rubutun likita gaba ɗaya a kan kai yake, kuma da dalili, mutum ya zo da jini a goshi abin da ake tsoro shi ne zubar jini a ƙwaƙwalwa, an auna hankalinsa da ma'aunin Glasgow wanda ke tashi daga 3 zuwa 15 ya samu 15, an yi masa hoton CT na kai ba komai, aka ɗinke goshi aka sallame shi. Likitan bai tambayi baya ba shi kuma bai faɗa masa ba. Amma a shafi na biyu, inda nas ɗin ƙofa ta rubuta abin da ya kawo shi, da rubutun hannu mai wuyar karantawa, ta sa rauni a goshi, sannan a ƙasa ta ƙara "yana kukan ƙasan baya, ya kasa zama daidai a kan kujera". Minti 40 kenan bayan hatsarin, ga lokacin nan a rubuce a saman shafin. Takardar masu motar asibiti da ta iso daga baya ita ma ta nuna zanen jikin mutum an yi alama a goshi an yi a ƙugu, ciwon baya 4 cikin 10. Wallahi da na ga layin nan sai da na sake karanta shi a bayyane Barista ya ji. Hujjarsu ta farko ta faɗi, kuma da rubutun mutanen da ba su san za a taɓa yin maganar diyya ba, wanda shi ne ya ba shi ƙarfi.

Maganar mako biyar ɗin nan ita ce ta fi ba mu wahala, kuma ba mu gama da ita ba har ƙarshe. Dalilinsa kowa zai gane, in bai fita aiki ba ba albashi, ya ɗauka tsamin jiki ne zai wuce, ya koma aiki kwana huɗu bayan hatsarin yana shan ibuprofen, da abin ya ƙi ya koma diclofenac. Sai da ciwon ya fara sauka ta bayan cinya har gefen ƙafa, ƙaramin ɗan yatsan ƙafa ya riƙa sagewa, sannan tsoro ya kama shi ya tafi asibiti. Amma ma'aikacin inshora ba ruwansa da dalili, shi abin da yake gani shi ne kwana 35 da babu takarda ko ɗaya, kuma a cikin kwana 35 mai ɗaga kwali yana iya jin ciwo a wurin aiki sau nawa? Tambayar ba ta rashin hankali ba ce, in ni ne a kujerarsa ita zan yi.

Sai muka cike gurbin da abin da ba takardar likita ba. Kemis ɗin suna da lissafi a kwamfuta, sun buga mana ranakun da ya sayi magani, na farko washegarin hatsarin. A wayarsa akwai saƙon WhatsApp da ya tura wa ogansa a mako na biyu yana cewa oga don Allah a sa ni a rubuta kaya kwana biyun nan, bayana ya matsa tun hatsarin nan, kuma ofishin ma'aikata sun tabbatar a rubuce cewa an mayar da shi aikin tebur, kuma babu wani rahoton rauni a wurin aiki da sunansa. Wannan ya taimaka sosai, sai dai rasit ɗin kemis yana nuna an sayi magani ne kawai, ba ya cewa wace gaɓa ke ciwo. Da ya leƙa ko da ƙaramin asibiti ne a makon farko aka rubuta layi biyu, da duk wannan zirga-zirgar ba ta taso ba.

Yanzu ga inda labarin ya kusa kwaɓewa. A fom ɗin da likitan ƙaramin asibiti ya cike na neman MRI, a gurbin tarihin ciwo, ya rubuta cewa ya taɓa ciwon baya a da. Mu kuwa mun tambaye shi tun ranar farko ko ya taɓa ciwon baya ya ce sam. Barista ya kira shi ya ajiye masa takardar a gaba.

"Malam, wannan fa?"

Ya yi shiru, can ya ce, "Barista, ai abin ya daɗe, shekara shida. Na ga kamar in na faɗa zai ɓata maganar ne."

"Abin da zai ɓata maganar shi ne su su gano mu ba mu sani ba. In suka kama ka da ƙarya ɗaya, gaskiyarka goma ba za ta yi aiki ba."

Kuma da sun gano, don fom ɗin yana cikin abin da dole a ba su. Muka rubuta wa tsohon asibitin, fayil ya zo, shafi huɗu kacal. Zuwa biyu ne, tsakaninsu kwana goma, ciwon ƙasan baya bayan ya ɗaga kaya, likita ya rubuta ƙarara cewa ciwon ba ya sauka ƙafa, ya ɗaga masa ƙafa a miƙe yana kwance ba abin da ya ji, aka ba shi magani, a zuwa na biyu aka rubuta ya warke. Daga nan shiru shekara shida. Ga kuma gwajin lafiyar da wurin aikinsa suka yi masa shekara ɗaya kafin hatsarin, an rubuta zai iya aikin ɗaga kaya. Wato takardar da yake ɓoyewa ita ce ta fi kowace nuna cewa ciwon da yake da shi yanzu, mai bin jijiya har yatsa, wani abu ne daban da na da. Ɓoye ta da ya yi kamar mai ɓoye wa tela yagewar riga ne yana so a ɗinka masa.

Doka ma a nan tana gefensa. A ƙasashen da ke bin tsarin shari'ar Ingila akwai tsohuwar ƙa'ida cewa wanda ya yi ɓarna zai ɗauki wanda ya ji wa ciwo ne a yadda ya same shi, mai ƙarfi ko mai rauni. Shahararriyar shari'ar da ake kawowa ita ce ta Smith da kamfanin Leech Brain a farkon shekarun 1960, narkakken ƙarfe ya ƙone wani ma'aikaci a leɓe, wurin da ma yana da alamar da kan iya zama ciwon daji, ƙunar ta tayar da ciwon ya rasu, kotu ta ce kamfanin na da alhaki. Don haka a ce bayanka da ma ba sabo ba ne, wannan ba ya wanke wanda ya buge ka, sai dai yana iya rage adadin. Ita kuwa zaizayewar da MRI ya nuna, kusan kowa da ita yake yawo. Wani nazari da aka buga a 2015 wanda ya tattara hotunan mutanen da ba sa jin ciwon baya ko kaɗan ya samu alamar zaizayewar faifan ƙashin baya a kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20, ta haura har kashi 96 na 'yan shekara 80. To mai shekara 44 da ke ɗaga kwali in ba a ga komai a bayansa ba ai shi ne abin mamaki.

A daidai wannan lokacin inshorar suka turo masa fom wai ya sa hannu don a hanzarta biya. Fom ɗin izini ne a buɗe, su nemi duk wani rekod nasa daga kowane asibiti tun haihuwa. Ba mu bari ya sa hannu ba. Barista ya mayar musu da wanda ya taƙaita ga abin da ya shafi baya da ƙafa da kai, cikin shekarun da aka ƙayyade, kuma muka haɗa musu da tsohon fayil ɗin nan da hannunmu. Abin da ya shafi ciwon da kake neman diyya a kai dole ka bayar, ko ka so ko ka ƙi, amma ciwon da ba shi da alaƙa, ko sirrin iyali, ba dalilin da zai sa ya je teburin wani.

Rahoton MRI shafi ɗaya ne na ce, ra'ayin likitan hoto guda. Muka nemi hotunan kansu a CD, a tsarin da ake kira DICOM wanda kowane asibiti ke iya buɗewa, kar ka yarda a ce ka ɗauki hoton allon kwamfuta da waya, ba likitan da zai yi aiki da wannan. Likitan ƙashi da aka ɗauka ya rubuta rahoton diyya ya duba ya nuna faifan da ke tsakanin ƙasusuwan ƙasan baya da ake kira L5 da S1 ya ɓullo ta hagu yana danne jijiyar S1, kuma wannan jijiyar ita ce ke bi ta bayan cinya zuwa gefen ƙafa da ƙaramin yatsa, daidai inda mutumin ke nunawa. Bai ce hoton ya nuna ranar da faifan ya ɓullo ba, don hoto ba ya nuna haka, kuma na ji daɗin da bai faɗa ba, likitan da ke cika baki shi ake fara kayarwa. Abin da ya rubuta shi ne, idan aka haɗa bayanin nas na ranar, da shekara shida ba ƙorafi, da yadda ciwon ya bi, ya fi yiwuwa hatsarin ne ya jawo. A shari'ar diyya iyakar abin da ake buƙata kenan, rinjaye, ba sai an kai ga tabbas ba.

Wasu ƙananan abubuwa biyu sun fito da muka bi fayil layi-layi. Likitan ƙaramin asibiti ya rubuta ciwo ya fara mako biyu da suka wuce, alhali ciwon ƙafa ne ya fara lokacin, na baya tun ranar hatsari ne. Ba a goge rubutun likita, kuma kar ka taɓa roƙon wani ya canza maka ko ya mayar da kwanan wata baya, kwamfutocin asibiti suna ajiye sawun wanda ya taɓa fayil da lokacin da ya taɓa. Abin da ake yi shi ne ka nemi gyara a rubuce, in likitan ya yarda sai ya ƙara bayani a ƙasa da kwanan watan ranar da ya ƙara. Ya yarda ya ƙara. Na biyu lambobin cuta ne da ke jikin takardar kuɗi. A tsarin ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya raunuka suna farawa da S ko T, cututtukan ƙashi da gaɓoɓi da M. Shi an sa masa M51.1, matsalar faifai mai danne jijiya, lamba ce daidai amma ba ta cewa komai game da hatsari, wanda ke tace takardu a inshora da ya ga M sai ya tura ta ɓangaren ciwon da ma. Wasiƙar likita mai layi biyar ce ta warware wannan.

Daga nan sai aikin da ba wanda ke so, jerawa. Kowane shafi muka sa masa lamba, muka yi jadawali na kwanan wata, wurin da ya je, abin da ya ce, abin da aka gani, abin da aka caje shi, da lambar shafin da za a duba. Wanda zai karanta fayil ɗinka yana da wasu da yawa a gabansa, in sai ya yi tono kafin ya ga layin nas ɗin nan ba zai gan shi ba.

Shi mutumin ya matsu a gama, bashi ya taru masa, amma likita ya ce a jira a ga inda gashin ƙashi zai kai shi, ko zai tsaya haka ko sai an yi aiki. Jiran yana da iyaka don akwai wa'adin shigar da ƙara, a Ingila shekara 3 ne a ƙarƙashin dokar 1980, a Amurka kowace jiha da nata, Kalifoniya 2, Tenesi 1 kacal, kuma tattaunawa da inshora ba ta tsayar da wannan lissafin. Barista ya rubuta ranar a bangon fayil da jan biro tun zaman farko.

Inshorar suka tura shi wurin nasu likitan, ya duba shi, ya yarda hatsarin ne ya tayar da ciwon amma ya ce da irin aikinsa da irin bayansa ko ba hatsari zai iya samun matsala nan da wasu shekaru. A kan wannan, da kuma mako biyar ɗin nan, suka rage wani kaso, Barista ya ja da su har aka tsaya a tsakiya ba a je kotu ba. An biya kuɗin magani, albashin da ya rasa, da kuɗin gashin ƙashi na gaba, wanda ya shiga lissafi ne kawai saboda likitan ƙashi ya rubuta shi a rahoto da adadin zama. Wurin gashin ƙashi na farko kuwa sun rufe, ba a samu fayil ɗinsu ba, rasit ɗinsu na cikin waɗanda suka koɗe a leda, zama huɗun da ya yi a can ba a biya shi ko ɗaya ba. Kafin ya sa hannu a takardar ƙarshe Barista ya karanta masa sakin da ke cewa ba zai sake neman komai a kan wannan hatsarin ba ko da an zo an yi masa aiki nan gaba, ya ce ya je gida ya yi shawara da iyalinsa. Ya dawo ranar Litinin ya sa hannu, muka ba shi kwafin fayil ɗin gaba ɗaya da CD ɗin, don likitan da zai gani nan gaba zai tambaye su.